Ka danna wani tab ka dawo, komai ya goge: me ya kamata manhaja ta riƙe wa mutum?

Akwai abin da yake ci min rai a manhajojin da muke haɗawa a nan arewacin Kamaru, kuma ba namu kaɗai ba, har wasu da ake saukewa a Play Store haka suke. Mutum yana cikin jerin kaya, ya ja allo ya ja ya ja har ya kai can ƙasa wajen abin da yake nema, sai ya tuna yana son duba wani abu, ya danna tab na gefe, wato ɗaya daga maɓallan ƙasan allo da ke kai mutum wani shafi, ya dawo, shikenan jerin ya koma sama, 'yar da'irar nan ta fara juyi, abin da ya rubuta a wurin bincike ma ya goge. Kana yin magana sai a ce maka ai ƙaramin abu ne. Eh ƙarami ne ga wanda yake zaune a ofis da wifi da waya mai RAM 8 (RAM shi ne wurin da waya take riƙe abin da take aiki a kai a lokacin), amma ga wanda ya sayi mega ɗinsa na yini kuma rezo, wato network, yana zuwa yana tafiya, duk juyin da'irar nan kuɗinsa ne yake zuba.

Aikin da nake kai yanzu manhaja ce ta masu sari a babbar kasuwar Garwa, da Flutter nake yi, wato kayan aikin Google na haɗa manhajoji, tab huɗu ne a ƙasa: Kaya, Ciniki, Bashi, Saiti. Alhajin da ya fara ba ni aikin ya taɓa gwada wata manhajar kafin tawa, kuma tun ranar farko ya gaya min sharaɗinsa, ya ce "ɗana, in dai ina rubuta wa mutum kaya na leƙa bashinsa na dawo na tarar babu komai, toh gara littafina, shi ba ya mantuwa." Na ce Alhaji in Allah ya yarda ba za a yi haka ba. Kuma gaskiyarsa, don haka ciniki yake tafiya, ba wanda yake gama abu ɗaya kafin ya shiga na biyu. Kana rubuta buhu nawa na albasa za a ɗora zuwa Kuseri, wani ya tsaya a kanka yana tambayar nawa ake binsa, direba yana kira, ɗan dako yana jira a sallame shi.

Toh me yake jawo gogewar? A Flutter yawancin masu koyo haka aka nuna musu: a yi jerin shafuka, a sa BottomNavigationBar, a ce body ya zama pages[index]. Yana aiki kuwa, amma da ka canza index, wato lambar tab ɗin da aka danna, sai Flutter ya ga abin da yake wurin ba shi ne na ɗazu ba, ya cire tsohon shafin gaba ɗaya, ya kira dispose, State ɗinsa, wato ƙwaƙwalwar shafin, ya tafi da duk abin da yake riƙe, inda ka tsaya a jeri da rubutunka da bayanan da aka sauko da su. In ka dawo sabo ne fil, initState, wato aikin farko da shafi yake yi in an gina shi, ya sake gudu, ya sake buga wa sabar, kwamfutar da bayanan suke kanta a intanet. Ba kuskuren Flutter ba ne, abin da aka ce ya yi kenan. Kamar yaron butik ne da aka ce masa ya riƙa gyara kanta, kai kuma kana juya baya sai ya kwashe duk abin da ka fitar wa mai saye ya mayar sito.

Maganin da kowa zai fara jefo maka shi ne IndexedStack. Ka zuba masa shafukan duka, shi yana riƙe da su a raye, ɗaya kawai yake nunawa. Layi biyu uku ka gama, ka canza tab ka dawo komai yana nan. Ban ce kar a yi amfani da shi ba fa, ni ma a kansa na zauna, amma akwai abin da ba a faɗa wa mutane: yana gina 'ya'yansa duka a lokaci ɗaya tun buɗe manhaja. Tab huɗu, initState huɗu, in kowanne yana kiran sabar toh kira huɗu kenan suna turereniya a kan rezo mai sanda ɗaya, mutumin da kawai yake son ya ga shafin Kaya sai ya jira na Bashi da na Saiti da bai ma nema ba. Gyaran ba wuya, ka riƙe lissafin tab ɗin da aka taɓa shiga, wanda ba a shiga ba ka sa SizedBox.shrink() a gurbinsa, sai an danna shi sannan a gina na gaske, daga nan kuma ya zauna. Masu amfani da go_router, kayan aikin Flutter na tafiya tsakanin shafuka, an hutar da su, tun 2023 akwai StatefulShellRoute.indexedStack, kowane tab da Navigator ɗinsa mai riƙe tarihin shafukan da aka shiga, ba ya gina reshe, wato tab, sai an shige shi, kuma yana naɗe wanda ba a kallo da TickerMode don motsin ado ya tsaya. Wannan na kowane tab da nasa Navigator ɗin yana da muhimmanci sosai, don a shafin Bashi mutum yakan shiga sunan wani, ya shiga tarihin biyansa, hawa biyu kenan a ciki, in ya leƙa Kaya ya dawo so yake ya tarar da kansa a hawa na biyun nan ba a bakin ƙofa ba.

Sai dai TickerMode motsi kawai yake tsayarwa. In ka sa Timer yana tambayar sabar duk bayan daƙiƙa talatin, ko stream, wato hanyar da bayanai suke ta kwararowa, a buɗe, suna nan suna shan data da batir a ɓoye ko da mutum yana wani tab. Kai za ka kashe su da hannunka in an bar shafin. A watan Maris da Afrilu da zafin Garwa yake haura digiri 40, waya tana aljihu ma ɗumi take yi, ka ƙara mata aikin banza a bayan fage, ga wuta ba kullum ba, mutum ya biya a yi masa caji kai kuma kana ƙona masa.

AutomaticKeepAliveClientMixin kuwa na ga mutane da yawa suna wahala da shi a banza. Za ka ga an liƙa shi a shafi, an sa wantKeepAlive ya zama true, ana mamakin me ya sa bai yi komai ba. Shi wannan saƙo yake aikawa sama ga uban da ya san yadda ake sauraronsa, wato PageView ko TabBarView ko ListView, in kuwa pages[index] ne a cikin body babu mai sauraro, magana yake yi da bango. Kuma ko a inda ya dace dole ka kira super.build(context) a farkon build, in ka manta toh sai a hankali. PageStorageKey shi kuma inda ka tsaya a jeri kawai yake tunawa, ba ya riƙe bayanan, yana da sauƙi a kan waya shi ya sa nake sonsa ga jerin da bayanansa suna cikin wayar dama, amma in shafin zai sake saukowa daga intanet ne toh kuɗin data yana nan bai ragu ba.

Masu Kotlin, yaren da ake rubuta manhajar Android da shi kai tsaye, su ma sun sha wannan. Shekaru ana rubuta dabaru iri-iri don kowane tab ya riƙe tarihinsa, sai a Navigation 2.4.0 da ya fito a Janairun 2022 aka kawo abin a hukumance. A Compose, hanyarsu ta zana allo, abin da za ka yi shi ne wajen navigate ka sa saveState a cikin popUpTo, ka sa restoreState da launchSingleTop su zama true, abin da ke cikin shafi kuma rememberSaveable maimakon remember tsura. React Navigation na masu React Native, wani kayan haɗa manhaja irin Flutter, shi dama tab ɗinsa na ƙasa ba ya sauke shafi in an bar shi, haka ma UITabBarController na iPhone. Wannan ɓangaren an riga an warware shi, ba sai na tsaya a kai ba.

Inda nake son mu tsaya shi ne nan: duk abin da na lissafa a sama, in ka cire hanyar saveState da rememberSaveable ta masu Kotlin, a cikin RAM yake zaune, kuma RAM ba naka ba ne. Wayoyin da ke hannun mutanenmu, Itel ne, Tecno ne, Infinix, tsofaffin Samsung da aka sayo na hannu, da yawansu RAM 1 ko 2 ne, wasu Android Go ne wanda Google ya fitar a ƙarshen 2017 musamman don ƙananan wayoyi. Tsarin Android shi ne in wuri ya yi ƙaranci sai ya kashe manhajar da take baya don ta gaba ta samu sarari, ba sallama ba gargaɗi. Yanzu ka duba yadda ake biyan kuɗi a nan. Mai saye ya ce ya tura ta Orange Money ko MoMo, Alhaji zai fita daga manhajarka ya buɗe saƙonni ya ga ko ya shigo, ko ya danna #150# ko *126# ya duba da idonsa, wataƙila ya leƙa WhatsApp don an turo masa hoton shaidar biya, sannan ya dawo. A wannan 'yar tafiyar Android ya riga ya kashe ka. Shi Alhaji bai san da wani bambanci tsakanin canza tab da fita waje ba, kuma ba aikinsa ba ne ya sani, shi dai ya bar rubutu ya dawo bai gani ba. IndexedStack ɗinka bai tsinana komai a nan ba, ƙari ma in ka cika shi da shafuka masu nauyi kai ne ka sa kanka a sahun farko na waɗanda za a kashe.

Maganar nauyi kuwa hotuna ne ke kai mu ƙasa. Hoton da kyamara ta ɗauka mai 4000 da 3000, a fayil ƙila mega uku ne, amma in aka buɗe shi don nunawa kowane ɗigo yana cin bayit 4, ka lissafa, mega 48 kenan na hoto guda ɗaya, kai kuma a ɗan akwati kamar kan yatsa kake nuna shi a jerin kaya. Ma'ajiyar hotuna ta Flutter in ba ka taɓa ta ba har mega 100 take yarda ta riƙe. Sa cacheWidth a Image ɗinka ya buɗe hoton daidai girman da za a gani, kuma tun wajen ɗorawa ka rage shi. Wallahi wannan kaɗai yana rage yawan kashewar fiye da wasu dogayen dabaru.

Amma ragewa ne kawai, kashewa dai sai an yi. Don haka akwai hawa na biyu, shi ne ɗan ƙullin da Android yake yarda ya ajiye maka in ya kashe ka, ya miƙa maka in mutum ya dawo. A Kotlin shi ne onSaveInstanceState da SavedStateHandle (ViewModel tsura yana tsallake juya allo amma ba ya tsallake mutuwa, mutane suna yawan haɗa biyun). A Flutter tun sigar 1.22 ta Oktoban 2020 akwai shi: ka ba MaterialApp restorationScopeId, ka sa RestorationMixin a shafi, index na tab ya zama RestorableInt, wurin rubutu ya zama RestorableTextEditingController, jeri kuma ka ba shi restorationId. Aiki ne mai ɗan gajiyarwa shi ya sa kusan ba mai yi. Kuma ƙullin ƙarami ne, yana bi ta Binder, hanyar da manhaja take aika wa Android saƙo, wanda iyakarsa mega 1 ne kuma ba kai kaɗai kake amfani da shi ba, in ka cusa masa jerin kaya gaba ɗaya TransactionTooLargeException zai tarbe ka, tun Android 7 kuma faɗuwa manhajar take yi kai tsaye. Su Google ɗin da kansu shawararsu kar a wuce kilobayit 50. Abin da ake sawa ciki: wane tab ne, lambar mutumin da ake dubawa, kalmar da aka rubuta a bincike. Lamba fa, ba bayanan mutumin ba.

Toh sai ga wata ɗabi'a tamu da take rushe wannan ɗin ma. Mutanenmu suna son share manhajoji, ka ga mutum da ya gama kira sai ya buɗe jerin na baya ya share duka wai waya ta huta, wasu ma yaransu ne suka koya musu cewa haka ake hana batir ƙarewa. In mutum ya share ka da hannunsa Android yana ɗauka ya gama da kai ne, ya zubar da ƙullin nan, kuma da gangan aka tsara haka. Shi ya sa ni a wurina duk abin da mutum ya rubuta da yatsansa, musamman lissafin ciniki da ba a ƙarasa ba, ba na amincewa RAM ba na amincewa ƙullin Android, cikin SQLite, ma'ajiyar bayanai da ke zaune a faifan waya, nake zuba shi yana rubutawa ina ajiyewa. Ya ƙara buhu, an ajiye, ya canza farashi, an ajiye. Ko batir ne ya mutu, ya kunna ya tarar da tambaya: akwai cinikin da ba ka ƙarasa ba, a ci gaba ko a goge? Wani abokin aikina a Marwa yana ganin wannan wuce gona da iri ne, ya ce rubutu a faifai kowane lokaci zai sa waya nauyi. Ban yarda ba, layi ɗaya ne a tebur, in kana tsoro ka jira rabin daƙiƙa bayan ya daina dannawa sannan ka rubuta. Sake rubuta kaya iri goma sha ga mutumin da yake neman haruffa ɗaya bayan ɗaya da yatsa guda, ga layi a gabansa, shi ne nauyin.

Sai kuma ɗaya gefen da masu murnar "komai yana nan" suke mantawa. Ba komai ne ya kamata ya zauna yadda aka bar shi ba. Ka riƙe shafin Bashi a raye tun safe, da azahar an yi ciniki a tab na Ciniki an ƙara wa wani bashi, ka koma Bashi ka ga tsohon lissafi don shafin bai san an yi komai ba, wannan ai ya fi gogewa haɗari, don gogewa haushi kawai za ta ba ka, wannan kuwa rigima zai haɗa tsakanin mutane biyu kowa yana rantsuwa. Haka farashi. Sefa dai a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, ba ta motsi, amma wanda yake sari daga Mubi ko Yola da naira yake lissafi, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 kowa ya ga yadda canji yake iya juyawa, farashin da allo ya riƙe tun jiya yana iya sa mutum ya sayar da asara. Abin da na tsaya a kai shi ne shafi ya riƙe wurin da mutum yake da abin da ya rubuta, amma lambobi kar su zama mallakar shafi. Su zauna wuri ɗaya a ƙasa, a cikin ma'ajiyar waya, kowane tab yana kallon wurin nan, da an canza duka su gani. Da drift na Flutter ko Room na Kotlin, kayan aiki da SQLite, wannan a shirye yake, tambayarka tana dawo maka da stream, tebur ya canza allo ya canza. Abin da sai an sauko da shi daga sabar kuma ka nuna tsohon nan take, ka nemo sabo a ɓoye, ka rubuta ƙanana a sama "na ƙarfe 9:40 ne" don mutum ya san shekarun abin da yake kallo. In sabon ya iso kar ka fizge shi ka mayar da shi sama, ka ba kowane layi key ɗinsa lambobin su canza a inda suke.

Lambar sirri da kod ɗin da ake turowa ta saƙo su kam kar a ajiye su ko'ina, a bar shafin su goge. Waya a kasuwa hannu nawa take bi a yini, yaron shago ya karɓa, mai caji ya karɓa.

Akwai ƙaramin abu da ake mantawa kuma, in komai yana zama toh dole a ba mutum hanyar komawa farko. Al'adar da aka saba ita ce in kana cikin tab ka sake danna shi sai ya mayar da kai shafinsa na farko ko ya haura da kai saman jeri, a go_router wajen goBranch ka sa initialLocation ya zama gaskiya in index ɗin da aka danna shi ne wanda ake ciki. Maɓallin baya shi ma ya fara fitar da mutum daga hawan da yake ciki a tab ɗin, sannan tab na farko, sannan waje, ba wai dannawa ɗaya ya tsinci kansa a fuskar waya ba.

Gwaji kuwa dan Allah kar ku yi shi a wayarku mai kyau ku ce ya yi. Shiga saiti ka danna lambar build sau 7 zaɓin masu haɗa manhaja ya buɗe, tunda yawancin wayoyinmu da Faransanci suke za ka ga an rubuta "Ne pas conserver les activités", kunna shi, ka fita ka dawo ka ga abin da ya rage. Amma wannan allon kawai yake rushewa, manhajar kanta tana raye, in kana son mutuwa ta gaske ka tura ta baya da maɓallin gida sannan daga kwamfuta ka buga adb shell am kill da sunan fakitinka, wato sunan da Android ya san manhajarka da shi, ka dawo ta jerin na baya. Kar ka manta ka kashe zaɓin nan in wayar aro ce, in ba haka ba mai ita zai yi ta zagin wayarsa bai san kai ne ba. Ni na fi yarda da wata tsohuwar waya mai RAM 1 da na ajiye don wannan aikin, in cika rabin ciniki, in fita in buɗe WhatsApp in kunna bidiyo, in danna lambar duba kuɗi, in dawo.

Wurin da ya fi kowane kamawa shi ne kyamara. Mutum yana ƙara sabon kaya, ya rubuta suna da farashi, ya danna ɗaukar hoto, manhajar kyamara ta buɗe ta cinye RAM, Android ya kashe taka tana baya, ya ɗauki hoton ya danna ya yi, sai ya dawo cikin manhajar da ta tashi daga farko ba ta ma san ta aike shi ba. In image_picker, kayan ɗaukar hoto na Flutter, kake amfani da shi akwai retrieveLostData, ka kira shi wajen tashi zai miƙo maka hoton da ya maƙale a hanya, sai ka haɗa shi da rubutun da ka riga ka ajiye a SQLite ka buɗe masa shafin ƙara kayan a inda ya bari. Amma dole tun kafin ka buɗe kyamarar ka rubuta wa wane kaya ake ɗaukar hoton, in ba haka ba hoto zai dawo maka ba ka san na albasa ne ko na gyaɗa ba.